Littafin da aka rubuta a kanmu

Mu masu ɗan taɓa karatun littafi a nan Sabo ba mu da yawa, kuma duk mun san juna. Ba ƙungiya ba ce, babu shugaba babu ma'aji. Wani ne zai je Kano ko Zariya ya riƙo littafi biyu ko uku, sai su yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har bango ya yage. Tunda an ce mu faɗi abin da muke karantawa a 'yan watannin nan, to ga shi.

A cikin gidaje har yanzu marubutan Kano ne ke ci, sai dai yanzu yawanci ta waya ake karanta su, shafi-shafi a WhatsApp. Wanda ya sake tashi kwanan nan shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, labarin Rabi da mijinta ya kore ta da 'ya'ya saboda ya yi amarya. Tun 1990 littafin ya fito, amma iyayenmu mata suna cewa kamar a layinmu aka zauna aka rubuta shi. Ba mu yi musu gardama ba. Magana Jari Ce kuwa ba ya barin tabarma, duk wanda ya rasa abin karantawa shi yake komawa.

Amma wanda ya hana mu tashi hira da wuri na Turanci ne. Sunansa Custom and Politics in Urban Africa, wato al'ada da siyasa a biranen Afirka, na wani malamin jami'a mai suna Abner Cohen. Wani yaronmu da ke Jami'ar Ibadan ne ya samo shi ya yi mana fotokwafi. A kanmu aka rubuta shi, mu Hausawan Sabo na Ibadan. Mutumin ya zauna a unguwar nan a 1962 da 1963, littafin ya fito a 1969. Ka ji fa! Sama da shekara hamsin ana karanta labarinmu a jami'o'in Ingila da Amurka, mu kuwa da yawanmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba.

Yadda muke yi, masu Turanci a cikinmu su karanta, su fassara wa sauran. Inda ya zo kan shanu da goro, kowa shiru yake yi. Ya bayyana yadda baƙo zai kawo shanu daga Arewa ya sauka gidan maigidansa, a ba shi masauki da abinci, dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarabawa bashi, maigida ya tsaya a kan kuɗin. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai cika, don kada sunansa ya ɓaci a daina sauka a gidansa. Goro kuma a saye shi a ƙasar Yarabawa a ɗaure a tura Arewa, duk a kan amana. Wani dattijo cikinmu da ya tashi a irin wannan gida ya ce wallahi haka abin yake, babu ragi babu ƙari. Ya kuma rubuta cewa a 1916 aka keɓe mana wannan unguwa. Wannan shekara mun riƙe ta da kyau, musamman tun bayan rikicin kasuwar Shasha na 2021, lokacin da wasu suka riƙa yi mana magana kamar jiya muka sauka daga mota.

Inda muka rabu da shi kuwa maganar ɗarika ce. A ganinsa, shigar da mutanen Sabo suka yi Tijjaniyya gaba ɗaya a farkon shekarun 1950, da daina zuwa Juma'a babban masallacin gari suka koma nasu, wata hanya ce ta tsare kansu da kasuwancinsu a lokacin da mulkin Turawa ya fara sanyi kuma siyasar jam'iyyu ta shigo. Dattawa suka ce a'a, wannan bai san zikiri ba. Mutum ba zai tashi tun asuba yana lazimi shekara arba'in don kare cinikin shanu ba. Matasa kuma suka ce to ai bai ce ba don Allah aka yi ba, cewa ya yi abin ya zo da wata fa'ida, kuma ko ba ku so, ya haɗa kan unguwa. An kwana uku ana wannan. A namu ra'ayin, ya ga abin da ido ke iya gani daga bakin ƙofar zawiya, ya kuma gan shi sosai, amma iyakarsa ke nan. Abin da ya rubuta kan mata, matan kulle da waɗanda ke zaman kansu, shi ma ya ta da ƙura, har wani ya ce a tsallake shafin. Ba a tsallake ba.

Akwai wani abu da ya dame mu fiye da gardamar. Yaron da ya kawo littafin yana karanta Turancin nan kamar ruwa. Yarabanci ma yana karantawa, don a makaranta ya koya, har littafin Fagunwa na mafarauci a dajin aljanu ya taɓa ba mu labarinsa. Amma da muka miƙa masa Magana Jari Ce muka ce ya karanta mana shafi ɗaya, sai ya yi ta tuntuɓe, ya kasa raba ƙ da k, yana dariya yana jin kunya. Ba laifinsa ba ne. Hausa a bakinsa tangaran take, amma yawancin makarantun da 'ya'yanmu ke zuwa a nan ba a koyar da ita, allo kuma Larabci yake koyarwa. Da yawansu haka suke. Kakanninsu sun iya ajami, suna aika wasiƙar goro da shi har Kano. Iyayensu sun iya boko. Su kuwa Hausa ta tsaya musu a kunne da baki.

Saboda haka muka ɗan sauya tsari. Duk ranar Lahadi bayan La'asar, kafin a buɗe na Turanci, yaro ɗaya zai karanta labari ɗaya daga Magana Jari Ce da ƙarfi, ko da zai ɗauki rabin awa. Wanda ya yi kuskure a gyara masa, ba dariya. Mun gama littafi na ɗaya, muna tsakiyar na biyu, kuma 'yan mata biyu sun fi kowa saurin kamawa.

Na uku ne ba mu gani ba. Wani ya ara tun kafin azumi bai dawo da shi ba. Ba za mu kama suna a mujalla ba, amma ya san kansa, kuma nan da mako uku za mu buƙace shi.