Safiyar da baki ya karkace

A ƙasar Arewa, daga Dogondutsi har Tibiri, idan mutum ya wayi gari bakinsa ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, ruwan alwala na zuba ta gefen leɓe, sai a ce iska ta buge shi. Ban ga laifin masu faɗin haka ba, ciwon dare ɗaya yake zuwa. Kwanakin da ake ɓatawa a gida su ke damuna.

Jijiyar da ke motsa fuska tana ratsa siririyar hanya cikin ƙashi, daf da kunne. In ta kumbura, ƙashin ya matse ta, ɓarin fuskar ya saki. Maganin prednisolone yana rage kumburin, kuma ya fi amfani cikin awa 72 na farko. Idon kuwa, wanda aka fi mantawa da shi, yana bushewa, balle da ƙurar hunturu. Yana son maganin ɗigawa, a kuma rufe shi da dare. Mafi yawa suna warkewa cikin makonni ko 'yan watanni.

In hannu ko ƙafa ya mutu tare da fuskar, wata cuta ce daban, shanyewar ɓarin jiki, sai a garzaya asibiti nan take.