Abin da tirelar jirgin ruwa ta koya min game da wayar da ta sha ruwan gishiri

Yau maganar gishiri za mu yi, domin a shekarun da na yi ina gyaran waya a Legas ban ga abin da ke kashe waya a ɓoye kamar shi ba. Waya ta faɗi ƙasa gilashi ya fashe, kowa ya gani, a canja a wuce wurin. Amma wayar da ta sha ruwan gishiri sai ta tashi lafiya lau, mai ita ya yi hamdala, bayan kwana uku ko mako guda ta ɗauke ɗif. A lokacin kuma hotunan iyali, lambobin abokan ciniki da manhajar banki duk suna ciki.

Abin mamaki, ba a shagon gyaran waya na gama fahimtar wannan al'amari ba. Wani dattijo ne ya buɗe min ido, mutumin da ke kula da ƙananan jiragen ruwa na wasu masu hali a wajen Lekki. Yakan kawo min wayoyin yaransa na aiki, ni kuma wata ranar Lahadi na bi shi don in ga wurin aikinsu. Irin waɗannan jirage a kan tirela ake ɗora su, mota ta ja su zuwa bakin ruwa, a yi baya da tirelar har tayoyinta su nutse, sannan jirgin ya sauka. Wato duk fita ɗaya sai birki da boris da wayoyin fitila sun yi wanka da ruwan gishiri sau biyu, wajen saukewa da wajen ɗaukowa.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Ruwan lagun na Legas gauraye ne, gishirinsa yana ƙaruwa da rani, yana raguwa da damina, amma dai yana nan. Shi gishiri illarsa biyu ce. Ta farko, yana sa ruwa ya riƙa ɗaukar lantarki sosai, shi ya sa ƙarfe ke saurin cinyewa a cikinsa, musamman inda ƙarfe iri biyu suka haɗu. Ta biyu, ruwan zai bushe amma gishirin ba ya zuwa ko'ina. Yana nan manne, kuma da zarar danshin iska ya kai kusan kashi 75 cikin 100 sai ya jawo ruwa daga iskar ya sake jiƙa kansa. Kun ga yadda gishirin girki yake dunƙulewa da damina? To haka yake yi a cikin birki, haka yake yi a kan fanel ɗin waya. A gari irin Legas kuwa danshi ba ya yankewa.

Na tambayi Baba yadda suke yi tirela take kai shekaru ba ta ruɓe ba. Ya nuna min abubuwan da ba ya yarda yaransa su tsallake.

Idan sun iso bakin ruwa ba sa tura tirelar nan take. Sai sun jira kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin, cibiyar taya inda boris yake zaune ta huce. Dalili shi ne tafiya tana sa wurin ya yi zafi, idan ka tsoma shi cikin ruwa mai sanyi sai iskar da ke ciki ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta gefen robar da ke toshe bakin. Kafin su shiga ruwan kuma suna cire filogin fitilun tirela daga jikin mota, don kada wuta ta bi wayoyin alhali suna cikin ruwa.

Da sun fito, a ranar, ba gobe ba, suna sa tiyo su wanke komai da ruwan famfo: bayan taya, cikin birki, sifirin, har cikin ramukan ƙarfen tirelar. Sannan a ɗan ja ta ana taka birki don ya bushe, kada a ajiye shi a jiƙe ya kama. Giris ɗin da suke sa wa boris na musamman ne da aka yi don ruwa, ba wanda ake sa wa kowace mota ba, kuma ba sa cusa shi fiye da kima, domin idan ya yi yawa yana ture robar baya ya malala kan birki. Lokaci-lokaci suna buɗe murfin su duba. Idan giris ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara, to ruwa ya shiga, sai a kwance a wanke a sa sabo. Ko ba a ga komai ba, a kalla sau ɗaya a shekara sai an kwance. Tirelar kanta da ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya ake yin ta, ko da alminiyam, saboda tutiya tana karɓar cin gishirin a madadin ƙarfen da ke ƙarƙashinta.

Wallahi ina kallo ina ganin teburin aikina. Duk abin da Baba yake yi wa tirela, shi ne abin da waya take buƙata.

A fara da maganar wuta. Idan wayarka ta faɗa ruwan gishiri, kashe ta nan take. Kada ka tsaya duba ko tana aiki, kada ka kira wani ka ba shi labari da ita. Idan ƙarama ce mai batirin cirewa, cire batirin. Layukan da ke kan fanel na jan ƙarfe ne, sirara kamar gashi, kuma suna dab da juna. Muddin batir yana ba su wuta ga ruwan gishiri a tsakaninsu, ƙarfen yana narkewa daga wannan layi yana taruwa a wancan. Wannan kore-koren da farin garin da muke tararwa idan mun buɗe waya, shi ne ragowar layukan. Caji kuwa shi ne mafi muni. Yawancin wayoyin da na kasa cetowa, masu su sun jona su a caji ne don su gwada ko za su tashi.

Sai maganar wanki. Mutane suna jin nauyin wannan, wai ya za a ƙara wa wayar da ta jiƙe ruwa? Amma bushewa kaɗai ba ta fitar da gishiri. Idan wayarka irin mai jure ruwa ce, ba ta da tsaga kuma ba a taɓa buɗe ta ba, ɗauraye ta a hankali da ruwa mai tsabta, ka goge da ƙyalle mai laushi, ka juya bakin cajin ƙasa ka ɗan bubbuga a tafin hannu, ka ajiye ta inda iska ke kaɗawa. Kamfanin Samsung ma abin da yake cewa a yi ke nan idan wayarsu mai jure ruwa ta taɓa ruwan gishiri. Idan kuwa ba mai jure ruwa ba ce, ko ka ga hazo a cikin gilashin kyamara, to ruwan ya riga ya shiga ciki. Wannan aikin mai gyara ne, kuma a ranar. Mu za mu cire batir, mu fitar da fanel, mu wanke shi, mu bi shi da sifirit mai ƙarfi na aisofrofil da burushi mai laushi, mu busar sannan mu ba shi wuta.

Dan Allah a bar shinkafa ta huta. Ba ta cire gishiri ko ƙwaya ɗaya, sai dai ta cinye maka kwana biyun da ya kamata a ce wayar tana hannun mai gyara. Kamfanin Apple da kansa ya ce kada a sa iPhone a cikin shinkafa, saboda ɓurɓushinta na iya shiga ya yi ɓarna. Haka nan shanya waya a rana ko hura mata na'urar busar da gashi. Zafi yana lalata batir, yana kuma sassauta gam ɗin da ke toshe gefen waya.

Wannan ya kawo mu kan robar da Baba yake kaffa-kaffa da ita. Masu wayoyin da aka rubuta wa IP67 ko IP68 su ji da kyau. IP67 na nufin an gwada wayar a zurfin mita 1 na tsawon minti 30, kuma da ruwa mara gishiri aka yi gwajin, a kan sabuwar waya. Gam da robar da ke hana ruwa shiga suna tsufa, faɗuwa tana sassauta su, kuma duk wayar da aka taɓa canja wa sikirin ko batir ba lallai ta koma yadda take ba. Manyan kamfanonin ba sa ɗaukar ɓarnar ruwa a cikin garantinsu. A wayoyi da yawa akwai 'yar farar alama a ramin sim, da ruwa ya taɓa ta sai ta koma ja, ita suke fara dubawa.

Na san wani a Kano ko Zinder zai ce shi ina ya ga teku. Ɗan uwa, gumi ma ruwan gishiri ne. Miya ma haka. Mai sana'ar da ke sa waya a aljihun gaba yana zufa tun safe har yamma, ko uwargidan da wayarta ta zame cikin tukunya, duk layi ɗaya suke da masu jirgin ruwa. Wayar da ke ƙin caji sai an karkata igiya, sau da yawa idan na haska bakin cajin kore nake gani a kan fil ɗin. Goge waya da ƙyalle mai ɗan danshi da yamma, da cire kwabarta a share ƙarƙashi, ba sa cin minti biyu.

Masu hawa jirgin ruwa zuwa aiki, irin hanyar Ikorodu ko Apapa, ku nemi 'yar jakar roba mai hana ruwa shiga, ko da ledar da ake zuge bakinta ce. Kuɗinta bai kai na sabon bakin caji ba, balle fanel. Sannan tun yau, kafin komai ya faru, ku kunna ajiyar hotuna da lambobi a asusunku na Google ko iCloud. Fanel ɗin da gishiri ya cinye wani lokaci ko mu ba mu da yadda za mu yi da shi, amma abin da ke cikin asusunka yana dawowa a sabuwar waya cikin 'yan mintuna.

Duk wanda wayarsa ta taɓa shan ruwa kuma har yanzu tana aiki, kada ya jira ta mutu, ya kai a buɗe a duba.