Cadakori: tabarau mai magana da yarinya mai jan sanda

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma gani ya kori ji. A wannan mako za mu bar zancen birni da na ofis, mu leƙa Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji ta jahar Maraɗi, inda na tafi da tunani guda, na komo da wani dabam.

Mafarin tafiyar shi ne wani abokina, Alhaji, ɗan kasuwar hatsi a Maraɗi, wanda ya dawo daga Dubai da wani tabarau na ban mamaki. In ka gan shi sai ka ce irin wanda samari ke sawa don kwalliya, amma a gefensa akwai ƴar kyamara da ba ta kai ƙwayar wake ba, kusa da kunne kuma ƴar lasifika. Wanda ya sa shi sai ya tambaya, tabarau ya ɗauki hoton abin da ke gabansa, ya tura wa salula, salula ta aika ta intanet, sa'an nan amsa ta dawo cikin kunne: ga ƙofa, ga mutum, ga abin da aka rubuta cikin takarda. Alhaji ya ce da ya gan shi, ba wanda ya faɗo masa a rai sai wani dattijo na Cadakori da ya yi shekara da shekaru yana auna wa mahaifinsa gero da wake, yau kuwa shekara 6 ba ya gani.

Irin wannan tabarau ba tatsuniya ba ce. A 2020 kamfanin Envision na ƙasar Holan ya fitar da nasa musamman don makafi. A 2023 aka fara sayar da Ray-Ban Meta a kan dalar Amurka 299, wato wajen jikka 180 na sefa, kuma a ƙarshen 2024 aka haɗa shi da manhajar Be My Eyes, wadda wani mutumin Danmak mai raunin gani, Hans Jørgen Wiberg, ya kafa, ta fara aiki a 2015. Da ita makaho kan kira mai aikin sa kai, shi kuma ya duba ta cikin kyamara ya gaya masa abin da ke gabansa. Ma'aikata sai su auna da kansu: tun watan Janairu na 2024 albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jikka 42 ne, ke nan kuɗin tabarau guda ya haura albashin wata 4. Na Alhaji dai na wani kamfani ne dabam, don irinsu sun yi yawa a kasuwa yanzu.

Mun tashi daga Maraɗi da sassafe cikin hazon hunturu. Muka wuce Tibiri, fadar sarkin Gobir, muka bar babbar hanyar Yamai muka nufi arewa. An gama kaka, gonaki sun zama fili, sai karan gero a tsaye da rumbuna a bakin ƙauyuka, da itatuwan gawo da suka yi kore shar a lokacin da sauran itace ke zubar da ganye. Amalanken shanu na tafe ɗauke da jarkokin ruwa, ƴan kabu-kabu na ratsa yashi, kowa ya naɗe fuska saboda ƙura. Ba mu cika awa guda ba muka isa.

Cadakori gari ne na manoma, mazaunin sarkin kanto kuma hedikwatar ƙaramar hukuma. Shekarun nan ya ƙara yawan jama'a, domin tun 2019 dubban mutane suka ƙetaro daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, kuma Cadakori na cikin garuruwa 3 da gwamnati da hukumar HCR suka zaɓa don zaunar da su nesa da iyaka, tare da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Harshe ɗaya, addini ɗaya, sau da yawa ma dangi ɗaya. Baƙo ba ya rarrabe ɗan gari da ɗan gudun hijira sai an gaya masa.

Mun tarar da dattijon a ƙofar gidansa, bisa tabarma, yana tufkar igiya, sana'ar da aka daɗe da sanin makafin ƙasar Hausa da ita. Tun kafin Alhaji ya gama sallama ya gane muryarsa, ya kira shi da sunan mahaifinsa. Kusa da shi wata jikanyarsa ce zaune, ba ta wuce shekara 10 ba, riƙe da kan sandarsa. Ita ke kai shi masallaci, ita ke kai shi kasuwa ya sayar da igiya, ita ke komo da shi. Na tambaye ta ajinta nawa a lakwal. Ta sunkuyar da kai, kakan ya amsa mata, ya ce: "Ɗana, ta yi aji 2 ta bari. In ta tafi, wa zai ja ni?"

Wannan magana ita ce ta tsaya mini a wuya. Mun saba ganin makaho da ɗan jagora a tasha da ƙofar masallacin Juma'a har abin ya daina ba mu mamaki, alhali kowace sanda kai biyu gare ta: a ɗaya akwai babba da ya rasa gani, a ɗayan akwai yaro da ya rasa karatu.

Alhaji ya ciro tabarau ya ce: "Baba, ga tsaraba na kawo maka, ido ne na zamani." Dattijo ya shafa shi da yatsa, ya yi murmushi, aka sa masa. Yara suka kewaye mu. Aka miƙa masa wata takardar haraji, tabarau ya karanta ta da Faransanci tiryan-tiryan, mu muka yi ta mamaki, shi kuwa ya ce a fassara masa, don bai taɓa zama a benci ba. Muka gwada yi wa abin Hausa, bai gane ba. Da muka shiga zaure sai rezo ya ɗauke, tabarau ya yi gum. Dattijo ya tambaya ko abin zai gaya masa inda ƙaya take, ko bakin tsohuwar rijiya, ko akuyar da ta kwanta a hanya. Gaskiya ita ce ba a yi shi don ya maye gurbin sanda ba, don kafin amsa ta dawo ƙafa ta riga ta taka. Ya tambaya me abin ke ci. Muka ce wuta, kowace rana, shi da salular da ke tafiyar da shi. Ya ce a nan cajin salula ma biya ake yi wajen mai faifan hasken rana.

Zancen wuta kuwa ba ƙarami ba ne a wannan jaha. Babban layin da ke kawo lantarki daga Katsina ta Gazawa yake shigowa kafin ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram, kuma kowa na tune da yadda Najeriya ta yanke shi a watan Agusta na 2023, bai dawo ba sai a Maris na 2024. In birni ya sha duhu haka, ina ga ƙauyen da ko turken wuta bai gani ba?

Abu guda dai ya ba dattijon sha'awa, wato da ya ji irin wannan na'ura na iya faɗin takardar kuɗi. Ya ce sefa ba ta ba shi wahala, don jikka da jikka 2 da jikka 5 da jikka 10 kowace da tsawonta, yatsa na ganewa. Amma a kasuwannin nan naira ma na yawo, kuma manyan takardunta tsawonsu ɗaya, nan ne ake cutar makaho in yarinyar ba ta kusa.

Muna cikin haka sai ga wani ma'aikacin kiwon lafiya, maƙwabcinsu, ya tsaya kallon taro. Ya nemi izni, ya cire wa dattijo tabarau, ya haska masa tocila a ido. Dattijo ya ce yana jin haske, har ya nuna inda yake fitowa. Ma'aikacin ya nuna mana tsakiyar idon, fari fat kamar an ɗiga nono. Ya ce ga alama yana ce, kuma in likitan ido ya tabbatar da haka, aiki ne da galibi ba ya kai rabin awa: a cire abin da ya dushe, a sa na roba a madadinsa, washegari a buɗe bandeji. Ya ce ya sha gaya masa, ba ya yarda.

Dattijo bai musa ba. Ya ce wani abokinsa ya ba da idonsa ga masu kwantar da yana da tsinke irin na gargajiya, ya kwana biyu yana gani, daga baya idon ya mutu ɗungum. Tun ranar ya ce ba mai taɓa nasa. Ga kuɗin mota, ga na aiki, ga wanda zai yi jinya a birni. Sai ya ɗauki abin a kan ƙaddara ya zauna. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu. Mu ma da muka zo da ido daga Dubai, ba wanda ya yi tunanin duba na Allah da ke fuskarsa.

Labarin wannan dattijo ba nasa ba ne shi kaɗai. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta bayyana a 2019 cewa mutum biliyan 2 da miliyan 200 ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu abin da ke damunsu ana iya hana shi ko a yi maganinsa. Yana ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya. A jahohin Maraɗi da Damagaram kuma an daɗe ana fama da amodari, ciwon da ƙuda da rashin ruwa ke yaɗawa tsakanin yara, wanda in ya yi ta maimaituwa sai fatar ido ta juya ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar har ta dushe. Mata sun fi kamuwa da shi, shi ya sa za ka ga tsohuwa da matsefata a rataye tana tsige gashin idonta. Maganinsa shi ne tsarin da ma'aikatan lafiya ke kira CHANCE: ƙaramin aiki ga fatar ido, shan magani, wanke fuskar yara, da tsabtar gari. Cibiyar Carter da ƙungiyar Helen Keller sun daɗe suna taimaka wa Nijar a kansa. Kuma kada a ce ba ma iyawa: ranar 30 ga Janairu 2025 OMS ta shaida cewa Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da makantar bakin kogi. Wurin zuwa ma akwai: ga asibitin ido na Makka a Maraɗi, ga na ECWA a Kano da iyayenmu suka sani tun da daɗewa.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da na'ura. Akwai waɗanda ganinsu ba zai dawo ba, kuma su ma ƴan ƙasa ne masu haƙƙi. Rashin ido bai hana Aliyu Namangi na Zariya zama babban mawaƙi ba. A Yamai makarantar Soli Abdurahaman na koyar da yara rubutun Braille da ake karantawa da yatsa, ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN, na fafutukar ƴancinsu. Salular da ke aljihunka ma tana da muryar da ke karanta abin da ke fuskarta, TalkBack ko VoiceOver, kyauta. Saƙon murya na WhatsApp kuwa ya riga ya buɗe wa makafi da yawa ƙofar ciniki da zumunci. Abin da ya rage shi ne na'urar ta ji Hausa, ta yi aiki ko babu rezo, kuma kuɗinta ya sauko inda talaka zai kai.

A nan gundumar Agye ta ba mu darasi. Sassaben zamani, wato barin tohon itace ya girma cikin gona, ya bazu daga ƙauyuka irin su Ɗan Saga har ya mayar da itatuwa ga gonakin da suka zama fako, ba don ya zo da inji ba, sai don manomi ya gane shi da harshensa, kuma ba ya bukatar abin da ya wuce wuƙa da lauje. Dabarar da ta dace da hannun mai ita ita ke zama.

Don haka ga kira. Alhazan kasuwa, kafin a fitar da zakka ko sadakar Juma'a, a tambaya ko wanda ake miƙa wa dala biyar ɗin likita ya taɓa duba idonsa. Kuɗin tabarau guda na iya kai tsofaffi da dama birni. Ma'aikata, musamman malaman makaranta da na ƙananan hukumomi, in yaro ya ɓace daga aji a bincika, wataƙila sanda yake ja. Masu ilimin kwamfuta kuma su sani ba wanda zai koya wa na'ura Hausar Gobir in ba su ba.

Da la'asar Alhaji ya mayar da tabarau cikin akwatinsa. Ya durƙusa ya ce: "Baba, ka yarda in kai ka Maraɗi a duba, komai na wuyana, a gidana za ka sauka." Dattijo ya daɗe shiru, yana murza igiya. Can ya ce sai ya yi shawara da ƴaƴansa, a dawo bayan kasuwa biyu. Ko zai yarda, ko idon zai karɓi aiki, Allah ne masani. Da za mu shiga mota yarinyar ta biyo mu da gudu, ta tambayi Alhaji ko in kakanta ya warke za a karɓe ta a aji 3, ko sai ta sake daga farko.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya tsare mana ganinmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.