Fim ɗin da bos bai mutu ba

Muna yara a Tudun Wada, da an idar da sallar isha'i sai mu sulale gidan kallo, mu cunkushe kan benci, janareta na ruri a bayan zana. Fina-finan Indiya da na Chanis muka tashi da su, har muka haddace ƙa'idarsu: komai daren daɗewa jarumi zai gama da bos, 'yan sanda su iso da ankwa, mu watse muna tafi. Na girma ina zaton haka duniya take.

Sai da na manyanta na ga fina-finan ƙasar Filifin. Na farko shi ne On the Job na Erik Matti, wanda ya fito a 2013. Fursunoni ake fitarwa a ɓoye daga kurkuku, su harbe wanda manya suka nuna, a mayar da su ɗakinsu kamar ba su taɓa fita ba. Wa zai tuhumi wanda ke tsare? Na zauna ina jiran a kama masu ba da kwangilar, har fim ya ƙare suna nan daram.

Amma Ma' Rosa na Brillante Mendoza, na 2016, shi ya taɓa ni har zuci. Rosa mai ɗan kanti ce a unguwar talakawan Manila, tana haɗawa da sayar da ƙwaya don ciyar da 'ya'ya. Aka kama ta da mijinta, 'yan sanda suka yanka musu kuɗin saki. Yaran suka bazu cikin gari: wannan ya ɗauki talabijin ɗin gida zuwa kasuwa, wannan ta bi dangi tana roƙo. Jaclyn Jose, wadda ta fito a Rosa, ta ci kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin Cannes na Faransa a shekarar.

Ina kallo sai wani maƙwabcinmu ya faɗo mini a rai. Lokacin da fashi ya addabi hanyar Jos ta cikin dajin Falgore, direbobi na jiran juna a shiga a jere, aka yi kame aka haɗa da ɗansa, yaron da itace kawai ya kai shi daji. Kwana uku dattijon yana zarya. A na huɗu ya ja sansa na huɗa zuwa kasuwa, ana tsakiyar damina. Da yamma yaron ya dawo. Mahaifiyata ta ce, “Sannu da arziki, Malam.” Ya amsa, “Alhamdu lillahi,” idonsa na kan turken da babu komai.

A daren ma mun je gidan kallo, bos ya mutu, mun yi tafi. Gonar Malam kuwa rabinta kawai aka huɗe a shekarar.