Abuja Ba Daji Ba Ce Kafin Mu Zo



Akwai maganar da ke yawan fitowa a hirar majalisa, wai Abuja ba garin kowa ba ce, daji ne gwamnati ta share ta yi gini. Mu da muka daɗe a nan, muka haifi 'ya'ya a nan, mun san ba haka abin yake ba.

A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar samar da sabon babban birnin tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An yanko ƙasar daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Ke nan tun asali yankin bakin iyaka ne, mahaɗar al'ummomi: Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Ganagana da Bassa da Egbira, ga Hausawa da Fulani a tsakaninsu. Garki da Wuse da Jabi da Karu duk garuruwan mutane ne kafin su zama unguwanni. An tayar da mutanen Wuse zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja, wasu ƙauyukan kuma aka kai su Kubwa. Har gobe kowane yanki da sarautarsa: Ona a Abaji, Gomo a Kuje, Agora a Zuba, Etsu a Kwali.

Mu ma ba jiya muka zo ba. Bayan jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya ya gangaro kudu, ɗan uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828. Da aka ba sabon birni sunan, tsohon garin ya koma Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Masana harshe kuwa sun nuna babu harshen da ya kai Gwandara kusanci da Hausa. Wanda ya zauna a Karshi ya kasa kunne zai tsinci kalmomin da ya sani.

Cikinmu ma shaida ne. Doyar da matanmu ke kirɓa sakwara da ita daga gonakin Kwali da Abaji da Gwagwalada take fitowa. Tumatir da attaruhu da tattasai kayan gwari muke ce musu, sunan da ya nuna irin shaharar da suka yi a noma. Su kuma sun karɓi masa da tsire da kilishinmu, Fulani na kawo wa kowa fura da nono. A bukukuwansu akwai masu shan burkutun dawa, wanda addininmu ya haramta mana, amma kunun zaƙi da zoɓo suna haɗa mu a inuwa ɗaya. Ku duba takardar naira 20: Ladi Kwali ce a baya, Bagbagyiya mai ginin tukwane, wadda ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja a 1954, aikinta ya kai har Ingila da Amurka.

To ina matsalar take? Tana wajen harshe. A kasuwar Zuba ko Dutse, dattijuwar Gbagyi za ta yi ciniki da Hausa daga farko har ƙarshe, ta koma yarenta da ɗiyarta, ta yi burokin da mai saye daga Kudu. Harsuna uku a baki ɗaya. Amma da wuya ka sami ɗan Hausa haifaffen Kubwa da zai iya gaishe ta da yarenta. Har yanzu kuma akwai masu kiran Hausar da ba ta nuna ba da sunan gwaranci, alhali mutanen nan da yawansu sun fi son a kira su Gbagyi. Ƙananan abubuwa ne, amma su ke taruwa a zuciya. Ba mu manta da rikicin Bwari na Disambar 2017 ba, lokacin da kasuwa ta ƙone, aka kafa dokar hana fita. Wutar ba ta tambayi yaren mai rumfa ba.

Wasu ƙasashe sun ga irin wannan. A arewacin Italiya, kan iyakar Ostiriya, akwai lardin Kudancin Tirol, ƙasar tuffa da inabi, inda ake Jamusanci da Italiyanci da Ladin. Italiya ta karɓi yankin bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Mussolini ta hana karatu da Jamusanci, ta sauya sunayen garuruwa. Abin da ya biyo baya shi ne gaba, daga bisani har da tayar da bama-bamai. Sai bayan dokar cin gashin kai ta 1972 ƙura ta lafa. Yau babban birninsu yana da suna biyu a allon hanya, Bolzano da Bozen, kuma mai neman aikin gwamnati sai ya nuna ya iya harsunan biyu.

Mu ba doka muke jira ba. Shawarar da za mu gabatar a taron wata mai zuwa guda uku ce. Mu gayyato dattawan Gbagyi na unguwanninmu walimar Sallah, mu kuma amsa tasu gayyatar a abin da bai saɓa wa addini ba. Mu roƙi ɗaya daga cikinsu ya koya wa yaranmu gaisuwa da godiya da ƙirga da yarensu a lokacin hutu. Sannan mu riƙa kiran kowace al'umma da sunan da ta zaɓa wa kanta, a bakinmu da kuma a wannan shafi.

Duk mai gyara ko ƙari ya kawo shi wurin taro. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu. Amin.

Sakataren ƙungiya