Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani

'Yan'uwana mata, yau labarin kuskurena zan ba ku, ko wata ta ji ta kiyaye.

Ni mai ƙosai ce a Tudun Wada ta Zariya. Kullum sai in jiƙa wake, in surfa, in wanke, da asuba a kai niƙa. Kafin yara su tafi makaranta har na ɗora kasko a ƙofar gida.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Iya mu ke ce mata. Shekara 6 ba ta fasa aiko jikanta da kwano ba. A lokacin da na ke ba ku labari, na naira 200 ta ke saye kowace safiya. Don na saba da ita, har na daina ganin girman cinikinta.

Rannan sai aka kawo leburori gyaran kwalbati a layinmu. Su wajen 15 ne, kowa na sayen na naira 500. Kai, nan da nan idona ya rufe! Su na ke fara sallama, su na ke cika wa gyara. Yaran maƙwabta kuwa su yi ta tsayuwa har su makara. Sau biyu jikan Iya ya koma gida da kwano wayam. Daga nan bai ƙara zuwa ba, ni kuwa ko lura ban yi ba.

Bayan mako 6 aiki ya ƙare. Ashe gaskiya ne, baƙo raɓa ne. Washegari na zauna gaban kasko, ƙullu ya yi tsami, mai saye sai ɗai-ɗai.

Da dare na sa 'yata ta ɗauko alƙalami muka yi lissafi. Lebura ɗaya, kwana 36 na aiki, ya kawo mini naira 18,000, shi ke nan. Iya kuwa, a shekara ɗaya tak, naira 73,000 ke nan. Bayan wannan ita ce ta jawo mini gidaje uku, kuma duk mai neman ƙosan sadaka na Juma'a wurina ta ke turo shi.

Na yafa mayafi na tafi gidanta, na durƙusa na ce, “Iya, na zo neman gafara.” Ta ce, “'Yar nan, ba rashin ƙosan ne ya ɓata mini rai ba, sai yadda kika bar yaron nan a tsaye kamar ba ki san shi ba.” Ta yafe mini, kwano ya dawo. Amma gidaje biyu har yau ba su dawo ba.

Da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin niƙa da na wake suka hau, tilas na rage girman ƙosai. Masu wucewa suka yi tsaki suka wuce. Tsofaffin abokan cinikina ne suka yi haƙuri da ni har na farfaɗo.

To, ban ce ku wulaƙanta baƙo ba, gama Iya ma wata rana baƙuwa ce a wurina. Ku karɓe shi da fara'a, wataƙila ya zama na gida. Amma kada ku ɗebi rabon na gida ku ba shi. Ku kuma 'yan makaranta masu taya iyayenku sana'a, ku riƙe wannan tun yanzu.

Allah ya sa albarka a cikin neman kowa, amin.