Ƙurar hunturu a bakin allura

Wata Asabar cikin Disamba, ranar da hazo ya lulluɓe Kano har rana ta koma kamar farin wata, wani mai harhaɗa magunguna ya buɗe akwatin da mahaifinsa ya bari. Shekara guda ke nan da rasuwar tsohon. A cikin akwatin akwai fayafai kusan talatin, galibinsu na Mamman Shata, kowanne da sunan mai shi rubuce da biro a kusurwar kwali. Ya jona garmahon lantarkin da ya karɓo daga wajen gyara, ya ɗora faifai, ya sauke allura. Kalangu ya tashi garau, muryar da ya saba ji daga ɗakin mahaifinsa ta cika falon.

Ba a kai rabin faifan ba sai muryar ta fara dusashewa kamar ta mai mura. Amshi ya cakuɗe da kiɗa, daga nan allurar ta zame, ta ja ƙara a kan faifan. Gabansa ya faɗi, domin irin wannan faifai ba abin da ake shiga kanti a sayo ba ne. Ya kira kawunsa, wanda ya yi shekaru yana aiki a ɗakin adana fayafai na wani gidan rediyo.

"Kawu, ina jin faifan Baba ya lalace."

"Ɗana, kada ka yi gaggawa. Ɗauki tocila ka haska bakin allurar, ka gaya mini abin da ka gani. Amma kada ka taɓa ta da yatsa."

Abin da ya gani shi ne ɗan curin ƙura da zare, toka-toka, wanda bai kai ƙwayar gero ba, ya naɗe bakin allurar gaba ɗaya.

Dalilin da ya sa abu ƙanƙani haka yake iya shaƙe muryar Shata yana cikin yadda aka yi faifan. Irin wannan babban faifai, wanda kamfanin Columbia na Amurka ya fito da shi a 1948, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya. A kowace fuska akwai tsagi guda ɗaya tal da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya, wanda in da za a miƙe shi zai doshi rabin kilomita. Sautin yana ajiye ne a lanƙwashe-lanƙwashen bangon tsagin. Bakin allurar ɗan gutsuren daimon ne da tsininsa bai kai kaurin silin gashi ba, an kafa shi a kan wani siririn ƙarfe. Yana bin lanƙwashin yana karkarwa, maganaɗisu da naɗin waya su mayar da karkarwar lantarki, lasifika ta mayar da ita sauti. Nauyin da ke danne shi kuwa kusan giram 2 ne a na'urori da yawa.

Ke nan allurar tana share tsagin ne a duk tsawon tafiyarta, duk abin da ta tarar kuma sai ya maƙale mata. Idan curin ya girma sai ya ɗaga daimon ɗin daga mazauninsa. Siraran sautuka su ne suke fara ɓacewa, sannan murya ta dusashe, a ƙarshe allurar ta rasa abin kamawa ta zame.

Hunturu yana tsananta lamarin ta fuska biyu. Ta farko ita ce bushewar iska. Robar da ake yin faifai da ita tana tara irin lantarkin nan da ke sa riga tartsatsi idan an tuɓe ta da dare, wannan lantarkin kuwa yana janyo ƙura ya riƙe ta. Ta biyu ita ce ƙurar kanta. Kaso mai yawa na hazon da ke sauka a ƙasar Hausa yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, inda ragowar ɓawon ƙananan halittun ruwa ya zama gari. Wannan gari da ɓarɓashin yashi suna da kaushi. Idan allura ta tura su cikin tsagi, sai su riƙa kankare bangon da sautin yake. Ƙurar da ke bakin allura ana gogewa ta fita. Abin da ta kankare daga faifai ba ya dawowa.

Washegari kawun ya zo da ɗan ƙaramin buroshi mai laushi a aljihu. Ya rage murya, ya ɗaure hannun garmahon a mazauninsa, ya shafi allurar sau uku daga baya zuwa gaba, wato ta inda faifai yake bi ta ƙarƙashinta. Ya ce in aka goga ta gefe, ko daga gaba zuwa baya, siririn ƙarfen yana iya lanƙwashewa. Yatsa yana barin maiƙo, maiƙo kuwa ya fi komai kama ƙura. Hurawa da baki tana barin danshi. Ya kuma hana shi sa sifirit, domin yana iya narkar da gam ɗin da ya riƙe daimon, yana kuma cinye tsofaffin fayafan nan masu nauyi da ke juyawa sau 78.

Sannan ya juya kan faifan, domin daga nan ƙurar take fitowa. A share shi da buroshi mai laushi yana juyawa kafin a sauke allura. A riƙe shi ta baki da tsakiya kawai. A mayar da shi rigarsa da zarar an gama, a jera fayafan a tsaye, nesa da taga da zafin rana. Murfin garmaho ya zauna a rufe. Allura ma tana tsufa: bayan sa'o'i ɗaruruwa bakinta yakan cinye, kuma cinyayyar allura ta fi ƙura ɓarna.

Da suka sake ɗora faifan, muryar ta fito daga farko har ƙarshe. Sai dai a daidai wurin da allurar ta zame, an samu ɗan ƙas da ke dawowa a kowane zagaye, har sau biyar ko shida. Kawun ya saurara, ya girgiza kai.

"Wannan kam ya zauna. Mahaifinka ya yi shekara arba'in da faifan nan bai ji masa ciwo ba."

Magajin bai ce komai ba. Tun daga ranar buroshin yana ajiye a gefen garmahon, kuma idan hazo ya yi yawa yakan rufe tagogi tukuna kafin ya buɗe akwatin.